Layin Da Auta Ta Goge

Shafi na 19

Masu cika mini waya da saƙo, wai sai yaushe Auta za ta buɗe baki, na ji ku. Ke kuma da kika rantse in Baba ya bar ofishin nan a wulaƙance kin daina karatu, 'yar'uwa ajiye fushin tukuna, ki gyara zama.

*

Kwana goma sha ɗaya ke nan Auta tana shiga ofis ta ƙofar baya. Hanyar gaba ta bakin ɗakin Baba ta bi, ita kuwa yanzu ko tarinsa ta jiyo sai gabanta ya faɗi, balle a ce sun yi ido huɗu.

Yau har makara ta yi da gangan. Sai wajen sha ɗaya da rabi ta lallaɓo ta matakalar masu shara, jaka a hammata, kai a ƙasa. A hawa na biyu ta yi kiciɓis da Dogo, abokin aikinta, ya rungumo kujeru uku zai kai ɗakin taro. Da ƙarfe biyu za a yi taron sallamar Baba.

Dogo ba ya ganin mutum ya ƙyale. Ya dire kujerun, ya naɗe tsawon nan nasa ya rusuna, wai yana gaida sabuwar shugaba. Ya roƙi arziki, in ta tare a ɗakin tsohon ta bar masa fankar nan mai kukan agwagwa. Ta yi yaƙe, ta nemi hanya ta gefensa.

"Af, na kusa mantawa," ya ce. "Baba yana nemanki a ɗakin ajiya. Tun safe yake can ƙasa."

Ta dafa ƙarfen matakala, ta tsaya.

Baba ba shi ya haife ta ba. Aminin mahaifinta ne tun suna samari, kuma daga ranar da aka yi rasuwa ya ɗauki karatunta ya ɗora wa kansa. Shi ya kawo ta wannan aikin, shi ya koya mata daga tushe. Ko sunan gida da yake kiranta da shi, Auta, shi ya biyo ta ofis har ya danne na takarda.

Aikin nasu kuwa gano abin da ido ba ya kaiwa ne. Jirgi ya fita tsakiyar teku yana jan doguwar igiya cike da na'urorin sauraro. A harba ƙara da bindigar iska, ta ratsa ruwa, ta shiga laka, ta dawo. Da abin da ya dawo ake haɗa hoton abin da ke ƙarƙashin ƙasan teku, layi a kan layi. Ɗanye yake isowa, cike da hayaniya da amsa-kuwwa. Auta ce mai wankewa. Baba ne mai karantawa ya sa hannu.

Abin da masu haƙar rijiyar mai suka ce a duba musu shi ne ƙanƙarar gas. A wannan zurfin, sanyi da nauyin ruwa kan sa gas ya daskare a cikin laka. Can ƙasa inda ɗumi ya fara, ƙanƙarar ba ta iya zama, sai gas ya taru a ƙarƙashinta a matse. In bakin haƙa ya fasa wurin babu shiri, abin da zai taso ba ya jiran kowa. Alamarta a hoto layi ɗaya ne tak, mai bin siffar ƙasan teku sak, inda ya hau ya hau, inda ya gangara ya gangara. Layin kwaikwayo suke ce masa. Abin haushin, amsa-kuwwa ma haka take kwaikwayo.

Wata huɗu da suka wuce, ana gobe masu haƙar za su zo ganin aiki, Darakta ya leƙo allonta ya yamutsa fuska, ya ce wannan ai kamar kaji sun yi tono. Maganar ta sosa mata rai. Akwai manhajar da suke tace amsa-kuwwa da ita, a ofis rariya suke ce mata. Baba ya koya mata a bi da ita sau ɗaya, a hankali, ana yi ana gwadawa da ɗanyen. Ita kuwa ta ƙara mata ƙarfi, ta bi sau biyu, ba ta gwada da komai ba. Hoto ya fito fes. Aka tafa mata a gaban baƙi, ta koma gida tana jin kanta a sama.

Sai ga shi masu haƙar sun tura ƙaramin jirginsu ya sake auna wurin rijiya ta huɗu, sun ga layin ƙuru-ƙuru, alhali rahoton da Baba ya sa wa hannu ya ce babu komai. Darakta ya tara kowa da kowa, ya ce shekaru ba wasa ba ne, idon Baba ya gaji. Baba bai ce komai ba sai, "Sa hannuna ne." Tana wurin, a kujera ta uku daga ƙofa. Da aka tashi ta je ta buɗe hoton na huɗu, ta cire rariyar, layin ya dawo. Ta rufe kwamfutar, ta ɗauki jakarta.

Shirun da take ɗauke da shi ke nan har yau.

*

Ɗakin ajiya ba shi da taga, sai warin tsohuwar takarda da sanyin na'ura. Baba na tsaye gaban dogon tebur, ya naɗe hannun riga. Ya shimfiɗa takardu biyu masu tsawon gaske, ya danne kusurwoyinsu da kofin shayi, da abin huda takarda, da takalminsa ƙafa ɗaya.

Sallamarta ba ta fita ba sai da ta maimaita. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa yadda ya saba, ya tambayi maigidanta, ya tambayi tarin da yarinyarta ke fama da shi, ko sun koma wajen likita. Wallahi da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi.

"Ajiye jakar, Auta. Zo nan."

Matasan ofis sun sha yi wa wannan ɗabi'ar tasa dariya. Su a allo suke komai. Shi kuwa sai an buga masa a takarda, ya je can ƙarshen tebur ya kwantar da kumatu, ya kanne ido ɗaya, ya hango tsawon takardar ta gefe. Ta haka layin da ya yi rauni kan haɗe ya fito. Tun tana sabuwar zuwa ya koya mata, ta kuwa daɗe da dainawa don kada a ce mata tsohuwa.

Ya nuna mata ta farko. Ta sunkuya, ta kwantar da kumatunta a kan katako mai sanyi. Aikinta ne, ta gane shi. Sumul, babu ko ɗigo.

Ya nuna ta biyu. Ɗanyen ne, duk tabo da zane-zane. Ta kanne ido. Daga cikin dattin nan sai ga shi ya miƙe, siriri, daga wannan ƙarshen har wancan.

"Me kika gani?"

"Layi, Baba."

"Amsa-kuwwa ce?"

Ta ƙara bin layin da ido.

"Ni an ce idona ya gaji. Ke ki gaya mini."

"A'a. Ya yanke sauran layukan ta tsakiya. Kuma a juye yake. Ƙasan teku ya fara da baƙi, shi da fari ya fara."

"Wato me ke nan?"

"Ƙanƙara ce. Da gas a ƙarƙashinta."

Ba ta iya ɗagowa ba. Kumatunta na manne da teburin, hawaye ya gangaro ya jiƙa gefen takardar. Kunya ta lulluɓe ta tun daga kai har ƙafa, ta ji da ma ƙasa ta tsage ta shige.

"Baba, ni ce. Ni na..."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka tara mu."

Ya ja kujera ya zauna, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya da safa. Ya ce shekara talatin da ɗaya yana kallon hoton teku, bai taɓa ganin wanda ya yi kyau kamar nata ba, kuma tun a nan ya kamata jikinsa ya ba shi. Da Dogo ne ya kawo masa, ko wani, da sai ya ce a kawo ɗanyen ya gwada. Amma da yake ita ce, sai ya ji daɗi, ya ɗauki biro. Ya ce wannan nasa laifin ne, kuma ba ƙarami ba, shi ya sa da aka ɗora masa bai musa ba.

Ta fara ba shi haƙuri, maganar na sarƙewa da kuka. Ya ɗaga mata hannu.

"Ba don haƙuri na kira ki ba. Duba kusurwar takardar."

Ta share ido da gefen mayafi, ta ɗaga kofin shayin. Ta ɗauka hoton rijiya ta huɗu ne suke kallo tun ɗazu. Rubutun da ke ƙarƙashin kofin ya ce rijiya ta bakwai.

Ta ajiye kofin a gefe, ta sake karantawa.

Bari in faɗa muku gaskiya, kada wani ya ce mantuwa ce. Auta ta san ranar nan ba hoto ɗaya ta sa wa rariya ba, duka ta haɗa ta danna lokaci guda. Ta kuma san bayan abin da ya faru Darakta ya sa Dogo da wasu biyu su sake karanta sauran hotunan da sabon ido, suka ce lafiya lau. To ina za su ga wani abu, wankakken nata aka ba su? Duk ta sani. Kwana goma sha ɗaya fayil ɗin na bakwai yana gabanta, dannawa ɗaya ce, ta ƙi. Tsoro take kada ta gani, domin in ta gani dole ta yi magana.

Baba ya ce tun da aka rufe masa shiga kwamfuta yake bin mai ajiya da lallashi a ciro masa ɗanyen, sai yau da safe aka buga. Yana gani ya naɗe ya hau sama wajen Darakta. Darakta ya ba shi kujera, ya sa aka kawo masa shayi, ya saurare shi da ladabi irin wanda ake yi wa mara lafiya. Daga ƙarshe ya ce ai ɗanyen hoto dama cike yake da amsa-kuwwa, shi ya sa ake wankewa, kuma matasa uku sun duba. Ya dafa kafaɗarsa ya ce yau ranar hutunsa ce, ya daina wahalar da kansa.

"Mutum ɗari da sha huɗu ne a jirgin haƙar nan," Baba ya ce. "Jibi za su fara."

Abin da ya fito daga bakinta bayan wannan, har ta mutu ba za ta daina jin kunyarsa ba. Ta ce ko za ta sake wankewa yau, ta aika musu a matsayin ɗan gyara, ba sai an yi dogon bayani ba.

Ya dube ta. Bai ɗaure fuska ba, bai yi tsaki ba. Kallonta kawai ya yi, ta sunkuyar da kai.

"Ba a tsayar da jirgi saboda ɗan gyara. Muddin ana cewa idona ne, babu wanda zai taɓa hoton. Sai an san hoton ne ya lalace, kuma sai wanda ya lalata shi ya faɗi abin da ya yi."

"Kai ka faɗa, Baba. Ni ba zan musa ba."

"In ni na faɗa, za a ce tsoho ya ji haushin an ba yarinya kujerarsa."

Ya miƙa hannu ya ɗauke takalminsa daga kan takardar, kusurwar ta nannaɗe. Ya sa a ƙafa, ya daɗe yana ɗaure igiyar.

"Na ɗauka rufa miki asiri nake. Ashe mutane nake sa wa igiya a wuya. Ni ma sai yau na gane. Ina sama."

Ya fita, ya ja mata ƙofar a hankali.

*

Sha biyu da kwata ta koma teburinta. Ta buɗe na bakwai, ta cire rariyar. Ga shi nan. Ta auna zurfinsa sau uku, ko Allah zai sa ta yi kuskure: mita ɗari biyu da sittin ƙarƙashin ƙasan teku.

Ta tashi ta nufi ofishin Darakta. A bakin ƙofa sakatariyarsa ta ce ya fita karɓo kyautar da za a ba Baba, sai lokacin taro. Kun san me Auta ta ji? Sauƙi ta ji. Har wata ajiyar zuciya ta sauke. Lambarsa na cikin wayarta, ta fito da ita, ta kalli sunan, ta mayar jaka. Ta ce a ranta irin wannan magana ba ta waya ba ce, kuma ai sai jibi. Bari a gama taron, mutane su watse, ta same shi shi kaɗai.

Ta shiga ɗan ɗakin da mata ke sallah don ta ɓuya. A nan ta tarar da Mama, matar Baba, ta idar tana naɗe sallaya. Ta ci kwalliya daidai gwargwado, amma idonta ya faɗa.

Mama ta rungume ta, ta ce 'yata ashe kina nan, kwana biyu kin yi mana wuyar gani. Ta ce ba ta ga laifinta ba, ta san aiki ya ƙaru. Abu ɗaya da ke sanyaya mata zuciya a duk wannan lamarin shi ne da aka ce ita za a ba wurinsa, ai gida bai ƙoshi ba an ba dawa... ta katse maganar da kanta, ta yi 'yar dariya, ta ce ita dai ta gode Allah abin bai fita gida ba.

Auta ta rasa inda za ta sa idonta. Ta tambayi jikin Baba, don dai ta ce wani abu.

Mama ta leƙa ƙofa, ta rage murya. Ta ce abinci sai ta yi da gaske yake kai loma uku. A masallacin unguwa ma ya koma sahun baya, don wani maƙwabci ya tare shi yana masa jajen makanta. Sannan ta buɗe jakarta, ta zaro wata takarda da aka ninke huɗu.

"Ni na ja shi wajen likitan ido, ranar Litinin. Karanta ki gani. Ya ce idonsa ya fi na wasu 'yan shekara arba'in. Na ce ya kai wa Daraktan nan, ya ce in na kuskura na nuna wa wani bai yafe ba. Ke dai 'yarsa ce, shi ya sa. Don Allah ke da kike ciki, wa yake karewa?"

Auta ta buɗe takardar ta duba. Daidai nan sakatariya ta leƙo ta ce an fara zama.

Mama ta karɓe takardarta ta mayar jaka, ta kama hannun Auta suka fita tare.

*

An jera kujeru, an ajiye lemo da ruwa a kan teburin gefe. Baba na gaba, hula a daidaice, hannuwa a kan gwiwa. Mama ta zauna kusa da shi. Auta ta nemi can baya ta rakuɓe.

Darakta ya yi jawabi mai tsawo. Ya yabi shekaru talatin da ɗaya, ya ba da labarin yadda Baba ya taɓa kwana goma a jirgi yana amai amma bai bar aiki ba, aka yi dariya. Ya ce kowane ɗan Adam akwai ranar da jiki zai ce masa ya isa, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Mutane suka gyaɗa kai cike da tausayi. Baba na kallon ƙasa.

Sai aka shigo da kyautar, babba, a naɗe da takarda mai sheƙi. Darakta ya ce babu wanda ya dace ya miƙa ta sai 'yar da Baba ya raina da hannunsa, wadda za ta gaje shi. Aka hau tafi. Dogo har da fito.

Ba ta san yadda ƙafafunta suka kai ta gaba ba. Darakta ya yage takardar, ya juya abin ga jama'a. Hoto ne a cikin gilashi da firam mai ruwan zinariya. Ya ce wannan shi ne hoto mafi kyau da ofishin nan ya taɓa fitarwa, Baba ya rataye a falo ya riƙa tunawa da su.

Wankinta ne. Na rijiya ta bakwai.

Ya ɗora mata a hannu. Yana da nauyi. Ta kalli wurin da layin ya kamata ya bi, fari tas, sai fuskarta da ta gani a gilashin. Ta ɗago. Mama na mata murmushi. Baba bai ɗago ba.

"Ranka ya daɗe, ba zan iya ba shi wannan ba."

Darakta ya yi dariya, ya ce kuka ne zai hana ta, a yi mata uzuri.

"Idon Baba lafiyarsa lau. Ni na goge layin."

Wani ya ajiye kwalbar lemo a hankali.

Ta faɗa duka, a tsaye, hoton na rungume a ƙirjinta. Ta faɗi yadda ta ƙara wa rariya ƙarfi don a yabe ta, yadda ta bi sau biyu, yadda ba ta gwada da ɗanyen ba. Ta ce tun ranar da aka tara su ta gano, ta yi shiru ta bar shi da abin. Ba ta yarda ta kalli inda Mama take ba, sai dai ta ji lokacin da matar ta ja numfashi ta ce, "Ke?" ƙasa-ƙasa. Wannan kalma ɗaya ta fi mata duk idanun ɗakin ciwo.

Dariyar ta bar fuskar Darakta. Ya tambaya ko na huɗu kaɗai ta yi wa haka.

"Duka ne. Abin da Baba ya kawo maka da safe gaskiya ne. Akwai shi a na bakwai, na auna da kaina. Don Allah a gaya musu kafin jibi."

Darakta ya juya ya kalli sakatariyarsa, ita ma ta kalle shi. Auta ta ga yadda goshinsa ya tsatso da gumi a cikin sanyin ɗakin.

"Ba jibi ba ne," ya ce. "Teku ta kwanta, sun matso da shi. Tun asuba suka fara."

Baba ya miƙe tsaye.

"A mita nawa yake?" Darakta ya tambaye ta.

"Ɗari biyu da sittin."

Sakatariya ta riga ta buɗe saƙon da jirgin ya aiko da sha biyun rana. Ta karanta a hankali, kamar mai tsoron kalmomin. Suna mita ɗari da casa'in, laka mai taushi, suna cin mita talatin a awa.

Babu wanda ya yi lissafin da baki, amma duk ɗakin ma'aikatan lissafi ne. Idanu suka koma kan agogon bango. Biyu da minti ashirin da biyar.

Da sha biyu da rabi tana tsaye a ƙofar ofishinsa da waya a hannu. A wannan lokacin, da sauran mita hamsin da biyar tsakaninsu da layin. Ta ji hoton na zamewa daga hannunta, Dogo ya yi wuf ya tare.

Darakta ya danna lambar jirgin, ya sa a lasifika, ya miƙo mata wayar.

"Ke za ki gaya musu."

Ta karɓa da hannu biyu. Wayar ta yi ƙara sau ɗaya. Sau biyu. Sau biyar. Baba ya matso ya tsaya a gefenta, tana jin numfashinsa.

A ƙara ta bakwai aka ɗauka.

Kafin ta ce uffan, kukan jiniyar jirgin ya fito ta lasifika, ya cika ɗakin.